Me zanen da ke jikin kilim ɗin Turkiyya yake nufi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ina zuwa sari Istanbul. A wannan zuwan na sayo wata shimfiɗa saƙar hannu da suke kira kilim, da niyyar in sa wa 'yata cikin kayan ɗaki. Mai shagon ya ce kowane zane a jiki magana ce, wai budurwar da ta saƙa labarin zuciyarta ta rubuta. Ya nuna min wani ya ce mace ce ta riƙe ƙugu, kuma wai asalinta abar bautar mutanen da ce. Da na faɗa wa maigida sai ya ce shi bai yarda a kai wa yarinya kayan tsafi ɗaki ba. Don Allah mene ne gaskiyar ma'anar waɗannan zane-zane?"

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya nuna mana lokacin biki lafiya. Idan na fahimce ki, kina son sanin ko da gaske zanen nan magana ce da ake karantawa, da kuma ko maigida yana da hujja a tsoron da yake ji. Abin da zan fara gaya miki shi ne sunayen zanen gaskiya ne, daga bakin matan da ke saƙar aka ji su. Ma'anonin da ake jingina wa sunayen kuwa ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Wasu suna da tushe a rayuwar ƙauyukan Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, har gobe, wasu hasashe ne mai kama hankali, wasu kuma marubuta da 'yan kasuwa ne suka ɗora su daga baya. Zancen abar bautar nan yana cikin kashi na ƙarshe.

Na san kayan nan tun ina ɗalibi a Turkiyya. Na zauna da masu gyaran tsofaffin dardumai a Sultanhani, wani gari a lardin Aksaray da ya yi suna a wannan sana'a, na kuma shiga ƙauyukan kewayen Konya inda ake samun tsofaffin mata da suka taso da saƙa. Daga abin da na gani can da abin da masana suka tabbatar zan ba ki amsa.

Saƙar ce ke yanka wa zane siffa

Kilim ba shi da ƙulli, ba shi da gashi a sama irin na darduma mai laushi. Ana ɗaura zaren tsaye a jikin itacen saƙa, galibi na ulu, sai masaƙiya ta riƙa ratsa zaren launi da yatsunta tana danna shi da wani ƙarfe ko katako mai haƙora, har zaren tsayen ya ɓuya gaba ɗaya. Kowane launi iya filinsa yake kai-komo. Ja ya zo bakin shuɗi sai ya juya baya, shuɗin ma ya juya nasa. A wannan mahaɗa sai a sami 'yar tsaga. Ki ɗaga naki ki fuskanci hasken taga, za ki ga ƙananan ƙofofin. Idan aka bar iyakar launi biyu ta miƙe tsaye da tsawo, tsagar za ta buɗe har yatsan ƙafa ya shige, shimfiɗar ta yi rauni. Don haka masaƙiya ba ta yarda layi ya yi nisa a tsaye. Ko ta karkata shi, ko ta yi masa hawa-hawa. Da'ira kuwa sai da wahala ake samunta.

Ke nan duk abin da ta so zanawa, fure ne ko tsuntsu ko mutum, tilas ya koma kusurwa uku, ko kusurwa shida, ko murabba'i da ya tsaya a kan baki guda, ko ƙugiya. Abubuwa mabambanta sai su ƙare da siffa kusan ɗaya. Akwai ma siffofin da tun farko ba a yi su don kwaikwayon komai ba, hanyar saƙar ce ta haife su, daga baya wata ta duba ta ce wannan ya yi kama da kunama, suna ya bi shi. Marla Mallett, wata Ba'amurkiya da ita kanta masaƙiya ce, ta daɗe tana jan hankalin masana a kan wannan, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban itacen saƙa zai gane abin da take faɗa.

Sunayen da za ki ji

Wanda aka nuna miki shi ne elibelinde, wato hannu a ƙugu: kusurwa uku a ƙasa kamar zani, kai a sama, ƙugiya biyu sun lanƙwaso ta gefe. Littattafai suna cewa alamar uwa ce da haihuwa. Abokin tafiyarsa shi ne koc boynuzu, ƙahon rago, wanda ake fassarawa da mazantaka da ƙarfi da jarunta. Idan aka haɗa su biyun a siffa ɗaya ana kiranta bereket, albarka ke nan ko yalwa. Ga mutanen da duk dukiyarsu tumaki ce, ba abin mamaki ba ne a ga ƙahon rago a saƙarsu, ana ma ganinsa a duwatsun kabari da jikin kiɗaɗɗen ulun da suke shimfiɗawa a tanti.

Akwai rukunin da ya shafi aure. Sac bagi shi ne abin ɗaure gashi da amarya ke sawa, kupe ɗan kunne, sandik kuwa akwatin da budurwa ke tara kayan aurenta. Sai bukagi, dabaibayin da ake yi wa doki a ƙafafun gaba don kada ya yi nisa, wanda ake cewa yana nuna ɗaurewar iyali da zaman tare. Ban ga abin musu ba a cewa waɗannan suna da alaƙa da aure, domin kilim mafi kyau ai na kayan aure ne. Yarinya da uwarta da 'yan uwanta mata sukan yi shekaru suna saƙa shimfiɗu da buhunan ajiya da mangala da rigar matashin kai, ranar kai amarya a ɗora su a kan raƙumi ko keken shanu kowa ya ga aikin hannun gidan. Inda nake ja da baya shi ne idan aka ce duk wadda ta saƙa ɗan kunne tana sanar da iyayenta ne cewa aure take so. Na ga tsohuwa mai jikoki tana saƙa shi, don kawai shi ne zanen da ake sawa a gefen irin wannan shimfiɗar a ƙauyensu.

Rukunin kariya shi ne mafi ƙarfin tushe, saboda abubuwan da aka zana ɗin suna nan ana amfani da su, ido na gani. Muska laya ce: malami ya rubuta ayoyi a takarda, a naɗe ta kusurwa uku, a rufe da fata ko ƙyalle, a rataya wa yaro ko dabba. A jikin kilim sai ki ga kusurwa uku, wani lokaci da 'yan tuntaye a ƙasa. Goz shi ne ido, murabba'i ko kusurwa shida da ɗigo a tsakiya, ɗan uwan shuɗin dutsen kwalbar nan da na tabbata kin gani a rataye a shaguna da motocin haya a Istanbul. Turkawa suna tsoron abin da suke kira nazar, wanda mu muke cewa kambun baka, kuma tunanin shi ne ido ake karewa da ido. Cengel ƙugiya ce, ana cewa tana kama mugun kallo. Hannu mai yatsu biyar da tarak, wato matajin kai, su ma ana lissafa su a nan, kodayake sau da yawa ba ki iya bambanta su, duka layuka ne biyar ko bakwai a jere. Pitrak wata ƙaya ce mai maƙalewa a gashin tumaki. Ana cewa ita ma tana riƙe mugun ido, kuma tana nuna yalwa don yawanta.

Wanda ya fi burge ni shi ne kurt agzi, bakin kyarkeci. A ƙauyukan Anatoliya akwai tsohuwar al'ada: idan dabba ta ɓata dare ya yi ba a gan ta ba, sai a je wurin malami ya yi karatu a kan wuƙa mai naɗewa ko almakashi, ya rufe ya ɗaure, a ce an ɗaure bakin kyarkeci har gari ya waye. Idan an ga dabbar sai a kwance, don kada kyarkecin ya mutu da yunwa a ɗau alhakinsa. Mutanen da ke da wannan al'ada idan suka sa wa zane suna bakin kyarkeci, ba sai an yi dogon bincike ba a san abin da ke ransu. Haka akrep, kunama, ga masu kwana a ƙasa cikin tanti.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Su yolu hanyar ruwa ce, layi mai zigzag da ke zagaye gefe. Yildiz tauraro ne, mai kai shida ana danganta shi da hatimin Annabi Sulaiman. Hayat agaji, itacen rayuwa, ana ganinsa da yawa a sallaya. A kilim ɗin salla, irin na Erzurum da Bayburt, za ki ga siffar mihrabi, wani lokaci da buta don tuna alwala, wasu har da shekarar da aka saƙa su.

Suna daban, saƙo daban

Abin da ya fi maimaituwa a zamana da masaƙa shi ne wannan. Ka nuna zane ka ce mene ne wannan, nan take za ta ba ka suna. Ka ce me yake nufi, sai ta dube ka ta ce haka uwata take yi. Ka tsallaka tsauni zuwa wani ƙauye ka nuna zanen nan dai, sai a ba ka wani sunan. Abin da ake kira kunama a nan, can ana iya ce masa gizo-gizo ko kaguwa. Idan kuwa ka yi kuskuren sa mata magana a baki, ka ce wannan ba alamar haihuwa ba ce, to ladabin karɓar baƙo zai sa ta ce haka ne. Masu tattara bayanai da yawa sun faɗa wannan rami. Yanzu ma abin ya ƙara cakuɗewa, domin matasan da ke saƙa a ƙungiyoyin haɗin gwiwa da wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke zuwa sun haddace ma'anonin ne daga littattafai da takardun talla, sai su mayar wa mai bincike abin da wani mai binciken ya rubuta.

Ki ɗauki babbar riga. Baƙo ya je Zariya ya tambayi mai ɗinkin hannu sunan aikin da ke ƙirji, a ce masa aska takwas. Sunan gaskiya ne, kowa ya san shi, kuma mai yiwuwa can da daɗewa akwai dalilin da ya sa aka zaɓi wannan siffa. Amma idan baƙon ya koma ƙasarsu ya rubuta cewa duk maɗinkin da ya yi aska takwas yana aika wa maƙiyan mai rigar gargaɗi ne, kin san ya ƙara gishiri. Maɗinki aikin da ya koya wurin maigidansa ya yi, wanda mai riga ya biya kuɗinsa.

Wannan ne ya sa ban yarda da zancen wasiƙar budurwa ba. Masaƙiya ba ta da 'yancin da zancen ke nunawa. Tsarin shimfiɗa gaba ɗaya, da launukanta, da zanen gefe, duk gadon dangi ne, da ka ake riƙe su ko a ajiye tsohuwar shimfiɗa a gefe ana kwafa. Inda hannunta ke fitowa shi ne ƙananan abubuwan cike gurbi, da zaɓin launi a wani lungu, da wani ɗan tuntu ko gashi ko dutsen ado da wata kan ɗaura a jiki. Waɗannan kam nata ne, amma abin da take nufi da su ita kaɗai ta sani, ba mai shago a Istanbul ba.

Daga ina zancen abar bauta ya fito?

Yana da tarihi sananne. Kusa da Konya akwai kufan wani tsohon gari, Catalhoyuk, wanda aka zauna a cikinsa kimanin shekara 9000 da suka wuce. Wani Baturen Ingila, James Mellaart, ya yi tono a wurin daga 1961 zuwa 1965. Ya samo zane-zane a bango da ƙananan gumaka na yumɓu, cikinsu har da wata mace mai jiki zaune tsakanin namun daji biyu, wadda ke gidan tarihi na Ankara yanzu. A 1989 shi da Udo Hirsch da Belkis Balpinar suka fitar da littafi mai suna The Goddess from Anatolia, inda aka kawo hotunan wasu zanen bango da Mellaart ya ce ya gani a Catalhoyuk, masu kama da kilim ƙwarai. Daga nan aka gina cewa elibelinde ita ce uwar allolin mutanen wancan zamani, ta rayu a hannun mata shekara dubbai ba yankewa.

Labarin ya yi daɗi, ya kuma ɗaga farashin tsofaffin kilim a Turai da Amurka. Sai dai tun 1990 Marla Mallett ta nuna cewa zanen da aka kawo ba su dace da rahotannin tonon da Mellaart da kansa ya wallafa a shekarun 1960 ba, kuma babu hoton kyamara da ke tabbatar da su. Mellaart ya rasu a 2012. A 2018 wani masani, Eberhard Zangger, da ya binciki takardun da ya bari a gidansa na Landan, ya bayyana cewa ya sami shaidar ƙirƙirar wasu zane da rubuce-rubuce. Ayarin wani masanin tonon tarihi, Ian Hodder, da ya ci gaba da tono a wurin daga 1993 shi ma ya gano cewa yawancin ƙananan gumakan na dabbobi ne, na mata kaɗan ne. Guntayen saƙar da aka samu a kufan kuma na zaren tsiro ne, ba ulu mai rini ba.

Sannan ga rata mai faɗi. Yawancin tsofaffin kilim ɗin Anatoliya da suka rage na ƙarni na 18 ne da na 19. 'Yan kaɗan ne gwajin kimiyya ya kai su baya da haka da wasu ƙarnuka. Da yawansu ma a masallatai aka same su, domin al'ada ce iyali su ba masallaci shimfiɗa sadaka, har da wadda aka lulluɓe makarar mamacinsu da ita, a yi ta jibga su wata kan wata. Hukumar waƙafi ta Turkiyya ce ta tattaro su ta kai gidajen tarihi. Tsakanin waɗannan da Catalhoyuk akwai shekara dubbai da ba wata shimfiɗa da ta haɗa su. Yawancin matan da suka saƙa su Musulmi ne kaka da kakanni, Yoruk makiyaya da Turkmen da Kurdawa da mazauna ƙauyuka, kuma sunan da suka ba zanen hannu a ƙugu ne kawai. Akwai ma masanan da ke ganin siffar fure ce irin ta yadin fadar Usmaniyya da saƙar ƙauye ta mayar mai kusurwa.

Abin da kilim ke faɗa da gaske

Idan aka kawo min kilim, zanen ne abu na ƙarshe da nake dubawa. Ina fara taɓa ulun, in duba murɗin zaren tsaye, da yadda aka gama bakin, da launi. Jan gargajiya daga saiwar wani tsiro ake samunsa da suke kira kok boya, shuɗi daga baba, ruwan ƙasa daga ɓawon gyaɗar bishiya, kore kuwa sai an yi rini biyu, shuɗi da rawaya. Rinin kanti ya fara ne a Ingila a 1856, kafin ƙarshen wancan ƙarni ya shiga ƙauyukan Anatoliya, don haka launi kaɗai yana iya gaya min ko abu tsoho ne. Bayan haka sai tsarin shimfiɗar gaba ɗaya, wanda shi ne ke nuna mutanen da suka yi ta. Na makiyayan Yunju a yankin Balikesir ja ne mai duhu da shuɗi, da wani ginshiƙi mai rassan ƙaho. Na Sivrihisar an san su da jerin elibelinde hawa kan hawa. Na Van da Hakkari, saƙar Kurdawa, sukan zo ɓari biyu a haɗe a tsakiya, saboda itacen saƙar makiyaya ba shi da faɗi. Sa wa dukiya alamar dangi tsohon abu ne a wurin Turkawa: Mahmud na Kashgar, a ƙamus ɗin da ya rubuta a shekarun 1070, ya zana tambarin da kabilun Oguz ke yi wa dabbobinsu. Wannan karatun, na gane daga ina shimfiɗa ta fito, shi ne wanda ake iya kafa masa hujja. Shi ma yana da iyaka, domin daular Usmaniyya ta yi ta tilasta wa makiyaya zama wuri guda, kamar yadda aka yi a yankin Cukurova a 1865, zane ya bi mutane ya watsu.

Naki kuwa, idan sabo ne kika saya a kasuwar Istanbul, zato mafi ƙarfi shi ne aikin oda ne. Ɗan kasuwa ya ba da zare da zane a takarda mai gida-gida, aka biya masaƙiya gwargwadon faɗin abin da ta saƙa. Wasu ma ba a Turkiyya aka yi su ba, daga Iran ko Afganistan ko Indiya ake kawo su. Akwai kuma na inji masu kwaikwayon zanen kilim, irin waɗanda masana'antun Gaziantep ke fitarwa. Ki duba tuntun bakinsa: a saƙar hannu ci gaban zaren tsaye ne, a na inji sau da yawa ɗinka shi ake yi. Ki kuma duba launi guda daga ƙasa zuwa sama. Idan yana ɗan sauyawa tsakanin haske da duhu, alama ce ta zaren da aka rina kashi-kashi da hannu.

Game da damuwar maigida, hukunci ba fagena ba ne, na malamai ne. Abin da zan iya shi ne in ba ku bayanin da za ku kai wa malami daidai. Zanen muska a jikin kilim zaren ulu ne da aka saƙa kusurwa uku, babu rubutu ko wani abu a ɓoye a ciki. Gaskiya ne cewa wasu daga cikin matan da suka saƙa irinsa a da sun yi shi ne da fatan kariya daga kambun baka, wannan kada a ɓoye wa malam. Elibelinde kuwa babu shaidar cewa masu saƙa shi sun taɓa ɗaukarsa abin bauta. Idan kuma ana tunanin yin salla a kai, malam zai tuna muku hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim kan tufa mai zane da ta ɗauke wa Annabi (SAW) hankali a salla har ya sa aka mayar da ita.

Idan kina so in gaya miki yankin da naki ya fito, ki turo hotonsa gaba ɗaya a shimfiɗe cikin hasken rana, da hoton baya, da na bakin tuntu daga kusa, tare da tsawonsa da faɗinsa. Da waɗannan zan iya faɗin yankin da sunayen zanen. Shekarunsa da irin rininsa kuwa hoto ba ya isa, sai an riƙe shi a hannu.